Tsohon Gidan Mai Da Motocin Jiya: Me Ake Bege A Cikinsu?

Duk matafiyin da ya bi tsohuwar hanyar Ikko, watau wadda ta tashi daga Kaduna ta ratsa Birnin Gwari da Tegina da Mokwa kafin ta haye Kogin Kwara a Jebba, ko kuwa ya miƙi hanyar Sakkwato ta Funtuwa da Tsafe da Talatar Mafara, da wuya ya rasa ganin wani kufai a bakin ƙananan garuruwa. Ɗan fili ne da aka taɓa yi wa daɓen siminti, ga 'yar rumfar kwano ta karkace, ga dakali biyu inda famfunan mai suka tsaya a da, ga kuma dogon ƙarfen da aka rataya wa alamar kamfani, allon ya daɗe da faɗuwa. Sau da yawa a bayan ginin akan tarar da gawar wata tsohuwar mota, ƙafafunta sun nutse cikin ƙasa, kaji na saka ƙwai a kujerar direba, awaki kuwa na shan inuwa a gindinta.

Ɗan makaranta na yanzu zai wuce wurin bai ko waiwaya ba. Amma dattijon da ya kama aikin gwamnati zamanin Janar Gowon, ko tsohon direban da ya ƙare ƙuruciyarsa a bayan sitiyari, in ya iso nan sai ya sassauta gudu, ya shiga nuna wa 'ya'yansa inda ake rataye tiyo, da inda mai faci yake zama, da itacen da aka taɓa kwana a gindinsa ana jiran gari ya waye. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To, mene ne a cikin kangon gidan mai da motar da tsatsa ta cinye da har yake sa idon dattijo ya ciko? Arahar mai ce kaɗai ake bege, ko kuwa akwai wani abin da ya salwanta tare da waɗannan wurare, wanda ya kamata a san shi tun masu ba da labarinsa suna da rai?

DAGA GARWA ZUWA FAMFO

Kananzir ya riga fetur shigowa ƙasar nan. Tun cikin shekarar 1907 kamfanin da daga baya aka san shi da sunan Mobil ya fara sayar da kananzir mai tambarin Sunflower, sa'an nan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai kaya suka sami hanyar hawowa Arewa cikin sauƙi. A lokacin nan ba a san wani abu wai shi gidan mai ba. Kananzir da fetur duka a cikin garwa suke zuwa, kowace garwa na cin galan huɗu, watau kimanin lita 18, a jera guda biyu cikin akwatin katako. Mai mota sai ya je kantin Turawa, irin su John Holt ko U.A.C., ya sayi abin da zai kai shi ya komo da shi, ya ɗaure a bayan mota, in mai ya yi ƙasa ya tsaya a daji ya huda garwa ya ɗura da mazurari.

Wannan garwa kuwa ba ta taɓa zama shara ba. Ta zama mudun awon man gyaɗa da manja, ta zama tukunyar dafa ruwa, maƙera suka buɗe ta suka yi ƙyaure da fitilar aci-bal-bal, masu tallan ruwa kuma suka rataya biyu a sanda suka shiga unguwa. Har gobe 'yan garuwa ake ce musu, ko da yake yawancinsu yanzu jarkar roba suke turawa a kura, ba su kuma san cewa sunan sana'arsu daga cinikin kananzir ya samo asali ba.

Da cinikin gyaɗa da auduga ya bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, manyan motoci suka yawaita, sai kamfanonin mai suka ga garwa ta kasa. Suka fara binne tanki a ƙasa suna kafa famfo a kansa, da farko a manyan birane, sa'an nan a garuruwan da ke kan mararraba ko kusa da tashar jirgi. Shell da B.P. da Mobil da Texaco da Esso su ne na gaba, Total ta shigo a 1956, Agip kuma a farkon shekarun 1960. Direban da bai yi boko ba bai damu da karanta suna ba, alama yake dubawa. Akwai jan doki mai fukafukai na Mobil, da jan tauraron Texaco, da koriyar garkuwar B.P., da ɓawon ƙumba mai ruwan ɗorawa na Shell, da kuma baƙin karen nan na Agip mai ƙafa shida, wanda wuta ke fita daga bakinsa, wanda yara kan tsaya su ƙirga ƙafafunsa don su tabbatar.

YADDA WURIN YAKE

Famfon ƙaramin gari ba ya bukatar lantarki, domin kuwa garin ma ba shi da ita. Famfon hannu ne mai kwalabe biyu na gilashi a bisa. Mai ba da mai zai kama wani ƙarfe ya yi ta kaɗa shi gaba da baya har kwalba ɗaya ta cika, sa'an nan ya sake ta ta gangara cikin tiyo zuwa tankin mota, ɗayar kuma tana cika a madadinta. Direba na tsaye yana ƙirga kwalabe da bakinsa, yana ganin launin man da idonsa. In da ruwa ko datti a ciki, gilashi zai tona asiri nan take. Ciniki ne da mai saye da mai sayarwa suke kallon abu guda, ba wanda zai ce wani ya taɓa awo a ɓoye.

Shi kuwa mai gidan man, ko dilan da kamfani ya ɗora, ɗan gari ne wanda aka san gidansu, ana sallar Juma'a da shi, ana zuwa sunan 'ya'yansa. Da asuba yakan zura doguwar sanda mai zane-zanen awo cikin tankin ƙasa ya ga abin da ya rage, ya rubuta. Yana da wani babban littafi inda ake shigar da bashin motar En'e da ta asibiti da ta malamin gona, a biya ƙarshen wata. Direban da kuɗinsa ya gaza a hanya yakan bar agogo ko safayar taya jingina, wani lokaci ma sunan maigidansa kaɗai ya isa. Kafin a rufe tanki yaron wurin ya riga ya buɗe gaban mota ya duba baƙin mai, ya ƙara ruwa a lagireto da batir, ya goge gilashi, ba tare da an ƙara ko kwabo a kan kuɗin mai ba.

Da yake mota kan tsaya nan tilas, sai sana'o'i suka taru a gefen wurin. Mai faci yana nan da kwanon ruwansa na neman inda tif ya huje, bakanike ya kafa rumfa a baya da yaransa, mai shayi da mai tsire da 'yan mata masu tallan gyaɗa da fura sun san lokacin da motar Kano ke isowa. Matan gari ma suna da rabonsu, gama nan ake aiko yara da kwalba sayen kananzir na fitilar ƙwai kafin magariba. A garin da babu tarho, gidan waya kuma sai an yi tafiya, gidan mai shi ne wurin barin sallahu. Uba zai kawo wasiƙa da ɗan kuɗi a ba direba ya kai wa ɗansa a makarantar kwana, a nan ake jin farashin hatsi, ko na shanu a Potiskum, a nan kuma ake fara sanin gadar da ruwa ya cinye. Sufeton makarantu da ya fito rangadi ba ya wucewa sai ya tambayi mai gidan mai halin da hanya take ciki, kuma abin da aka gaya masa shi yake bi.

FIJO DA 'YAN'UWANTA

Motocin da suka sha mai a waɗannan famfuna ba su da yawan iri kamar na yau, saboda haka kowa ya san su kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Akwai manyan motoci masu bodin katako, Bedford da Austin, daga baya kuma Marsandi 911, an rubuta musu karin magana ko addu'a a goshi, fasinja na zaune kan benci a tsakanin buhuna. Kowace tana da karen mota, wanda aikinsa ne ya diro da gudu ya sa weji a bayan taya in an tsaya a kan tudu, ya murɗa injin da hannu in batir ya mutu, ya kwana yana gadin kaya. Wahalarsa ce ta sa marigayi Ɗanmaraya Jos ya yi masa waƙa da kuntigi, waƙar da tana cikin waɗanda suka fara fito da sunansa. Akwai Land Rover ta Di'o da ta malaman daji, wadda ba ta san bambancin hanya da gona ba. Akwai kuma Volkswagen mai siffar kunkuru, injinta a baya, iska ke sanyaya shi, ba ta neman ruwa ko da a tsakiyar bazara, abin da ya sa malaman makaranta da ƙananan ma'aikata suka ƙaunace ta. An fara haɗa ta a Ikko a 1975.

Amma sarauniyar hanya ita ce Peugeot, wadda bakin Bahaushe ya mayar Fijo. Ƙirar 404 ta fito a Faransa a 1960, ta kuma nuna ƙarfinta a gasar tseren motoci ta Gabashin Afirka, inda ta zo ta ɗaya a 1963, sa'an nan ta sake cinyewa sau uku a jere daga 1966 zuwa 1968. A-kori-kurarta ita ce jakar 'yan kasuwar ƙauye, a loda mata buhuna da awaki da mutane har bayanta ya kusa taɓa ƙasa, ta kuwa tashi. Ƙanwarta 504 ta fito a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta shekarar 1969. Gindinta a ɗage yake, ƙafafunta na shanye gargada, injinta kuma ba ya fushi da ƙura.

Abubuwa da dama suka haɗu a 'yan shekaru kaɗan suka mai da ita motar ƙasa. Ran 2 ga watan Afrilu, 1972, Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama, daidai da maƙwabtanta rainon Faransa, watau motar da ke da sitiyari a hagu ta zama ita ce daidai da hanya. Ran 1 ga watan Janairu, 1973, naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. A ƙarshen shekarar nan farashin ɗanyen mai ya yi tashin gwauron zabo a kasuwar duniya, kuɗi suka shigo baitulmali, Hukumar Udoji ta ba da shawarar ƙarin albashi a 1974, aka biya ma'aikata har da bashin watannin baya a farkon 1975. A cikin watan Maris na wannan shekara ta 1975 Janar Gowon ya buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kakuri, cikin Kaduna. Da yake tashar jiragen ruwa ta Ikko ta cushe a lokacin, ta jirgin sama aka riƙa ɗauko sassan motocin daga birnin Liyon na Faransa ana saukewa a Kano, sa'an nan a kawo su Kaduna a ɗaura. Bayan rasuwar Janar Murtala a 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki manufar rage almubazzaranci, aka ce manyan jami'ai su bar Marsandi su shiga 504. Sai ya zama motar da Kwamishina ke shiga irinta ce akawun da ya sami rancen mota yake ja, irinta ce kuma doguwar da ke lodi a tasha.

A Faransa an daina ƙera ƙaramar 504 a 1983, amma a Kaduna an ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. Abin da ya ba ta wannan tsawon rai shi ne cewa bakaniken ƙauye ya fahimce ta ciki da waje. Ya san kafireto, inda mai ke gauraya da iska, yakan kwance shi ya wanke ya hura da baki ya mayar. Ya san fulogi da fambel da kuloci. Yakan kara kunne a jikin inji ya faɗi abin da ke damunsa kafin ya ɗauki sifana. In wani ƙarfe ya karye babu irinsa a gari, sai a cire na wata da ta mutu a sa, ko a kai wa mai walda ya ƙera. Yaron da bai sami shiga sakandare ba akan kai shi wurin bakanike ya yi shekaru yana koyo, ranar da aka yaye shi ya buɗe tasa rumfar a gari na gaba. Motar da ta lalace a Kari ko a Kwanar Dangora ba ta bukatar a ja ta zuwa birni.

LISSAFIN KWABO DA NAIRA

Ba za a musa ba cewa araha tana cikin abin da ake tunawa. A 1973 gwamnati ta tsai da farashi ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, a 1975 kuma ta kafa asusun daidaita kuɗin dakon mai, domin mutumin Nguru ya sayi lita a kan abin da mutumin Ikko yake saye. Wannan shi ya ba gidan man ƙauye damar rayuwa, gama ba don haka ba kuɗin dako kaɗai ya isa ya kore masa masu saye. Matatar Fatakwal ta fara aiki a 1965, ta Warri a 1978, ta Kaduna a 1980, aka kuma shimfiɗa bututu zuwa manyan ma'ajiyoyi a Kano da Gusau da Jos da Gombe da Maiduguri, inda tankoki ke ɗiba su rarraba wa garuruwa.

A watan Oktoba na 1978 lita ta koma kwabo 15.3, a 1982 ta zama kwabo 20. Tankin 504 bai wuce lita 60 ba, watau naira 12 ta cika shi har da canji. Dokar 1981 ta tsai da mafi ƙarancin albashi a kan naira 125 a wata, wanda a farashin 1982 zai sayi lita 625. A 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, a cikin shekarar kuma lita ta haura naira 1,000 a wurare da yawa, watau albashin wata guda bai fi ƙarfin lita 70 ba. Wanda ya yi wannan lissafi zai gane cewa dattijon da ke huci a bakin famfo ba rigimar tsufa ce ke damunsa ba.

ABIN DA YA RUFE ƘOFOFIN

Sunayen da ke bisa allunan su suka fara sauyawa. A 1975 gwamnati ta sayi rinjayen hannun jari a sashen cinikin mai na Shell, aka koma kiransa National, wanda yau shi ne Conoil. A 1976 Esso ta zama Unipetrol, wadda ta haɗiye Agip a 2002, ta ɗauki sunan Oando a 2003. A 1979 gwamnati ta karɓe dukiyar B.P. saboda rikicin da ya shafi mulkin wariyar launin fata a kudancin Afirka, aka sa mata suna A.P. Haka jan tauraron Texaco ya sauka daga baya, M.R.S. ta hau. Tun ƙarshen shekarun 1970 kuma aka buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa masu zaman kansu, gidajen mai suka yi ta tsirowa, manya-manya masu famfon lantarki goma ko fiye, yawancinsu a bakin birane da sababbin hanyoyi.

Hanyoyin su ma sun ƙaura. Da aka mai da hanyar Kaduna zuwa Kano tagwaye zamanin Janar Babangida, aka kuma dawo da mazaunin Gwamnatin Tarayya Abuja a watan Disamba na 1991, sai ma'aikacin da ya saba kwana biyu a hanyar Ikko ya daina bi ta Tegina. Motocin zamani kuma suna cin doguwar tafiya da tanki guda, ba su da dalilin tsayawa a kowane gari. Daga baya lalacewar kwalta da rashin tsaro suka ƙarasa abin da ya rage a wasu hanyoyin, musamman ta Birnin Gwari.

Sai kuma tsadar jari. A watan Satumba na 1986 aka fara gwanjon kuɗin waje a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta faɗi, mai ya koma kwabo 39.5 a wannan shekara, ya kai naira 11 a 1994. Tankar da ke cin lita 33,000 kuɗin manta a farashin famfo na 1982 naira 6,600 ne. A farashin naira 1,000 kuwa, naira miliyan 33 ke nan. Ƙaramin dila mai famfo biyu ina zai samo wannan? Shekarun ƙarancin mai na 1990 suka koya wa jama'a saye a galan wurin 'yan bumburutu, a watan Nuwamba na 2019 aka hana kai mai gidajen da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, abin da ya tsai da ciniki a garuruwa irin su Jibiya da Illela da Maigatari, sa'an nan ran 29 ga watan Mayu, 2023, aka ba da sanarwar janye tallafi.

Faɗuwar naira ita ce kuma ta karya masana'antun motoci, domin yawancin sassan da suke ɗaurawa daga waje ake sayo su. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai aka koma ga 'yan Kwatano, watau tsofaffin motocin Turai da ake shigowa da su ta tashar Kwatano. Masana'antar Volkswagen ta Ikko, da ta Steyr a Bauchi, da ta manyan motocin Fiat a Kano, duk suka durƙushe. Ta Kakuri an sayar da hannun jarin gwamnati a cikinta a 2006, bashi ya sa hukumar karɓar basussukan bankuna ta karɓe ta a 2012. Motocin da suka biyo baya kwamfuta ke sarrafa injinsu, ba a jin ciwonsu da kunne sai an jona na'ura, ba a gyara sashen da ya lalace sai dai a sake sabo. Tsohon bakanike ya wayi gari baƙo a cikin sana'arsa.

BARA MA TANA DA NATA

Duk da haka, gaskiya ta fi ƙarfin bege. A zamanin da ake yabo, mai mota ɗaya ne cikin jama'a masu yawa, sauran kuwa ƙafa ce da jaki da keken Raleigh. Hanyoyi ƙanana ne, gadoji da yawa mota ɗaya suke ɗauka, doguwar Fijon haya kuma da aka cusa wa mutum tara ko goma, babu mai ɗamara, ta mai da mata da yawa zawarawa. Yawan mace-mace a hanya shi ya sa aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko. Man da ake sha a lokacin akwai sinadarin darma a cikinsa, mai cutar da ƙwaƙwalwar yara, ba a kuwa raba shi da fetur ba sai a farkon shekarun 2000. Layin mai ma ba baƙo ba ne, an yi shi tun tsakiyar shekarun 1970. Arahar nan kuma baitulmali ke biyan cikonta, wani kaso nata yana tsallaka iyaka da dare.

Saboda haka mai hankali ba zai nemi a komo da famfon hannu ba, ko a mai da jama'a cikin bodin katako. Abin da ya cancanci a yi kewarsa shi ne awon da mai saye ke gani da idonsa, da ɗan kasuwar da ke jin kunyar cutar maƙwabcinsa, da injin da ɗan gari ya iya kwancewa ya mayar, da kuma ƙasar da ta taɓa haɗa motar da shugabanninta ke shiga. Waɗannan ba su tsufa ba, sakaci aka yi da su.

KAFIN 'YAN GWANGWAN SU GAMA

Abin da ke da ban tsoro shi ne saurin da shaidun wannan zamani suke ɓacewa. Kullum 'yan gwangwan suna yawo ƙauyuka da kura da sikeli, suna sayen tsohon ƙarfe a kan kilo. Famfon gilashi, da allon doki mai fukafukai, da 404 da ta yi shekara talatin tana kai amare, duk a sare su a loda a tirela a kai inda za a narkar. Direbobi da dilolin da suka san labarin kuwa kowace shekara raguwa suke yi.

Wasu ƙasashe sun farga da wuri. A Amurka akwai wata tsohuwar hanya mai lamba 66, wadda aka buɗe a 1926 daga Shikago zuwa gaɓar tekun yamma, aka soke ta daga jerin manyan hanyoyi a 1985 bayan sababbi sun kewaye garuruwanta. Mutanen ƙananan garuruwan suka tashi suka gyara tsofaffin gidajen mansu, majalisar ƙasar ta yi dokar tallafa musu a 1999, yau baƙi daga ƙasashe masu nisa suna zuwa kallo suna barin kuɗi. Kamfanin Peugeot ma ya buɗe gidan tarihin motocinsa a garin Sosho na Faransa tun 1988. A nan gida, baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala a cikinta ran 13 ga watan Fabrairu, 1976, tana ajiye a Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Ikko, kuma duk ɗalibin da ya tsaya a gabanta ya san cewa mota ma tana iya ba da tarihi fiye da shafi goma na littafi.

Aikin bai fi ƙarfin hukumomi ba. Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tare da ma'aikatun al'adu na jihohi, za su iya sayen 504 guda ɗaya haɗin Kaduna, da a-kori-kura, da babbar mota mai bodin katako, da famfon hannu, a ajiye su inda 'yan makaranta za su gani. Ƙaramar hukumar da ke da irin wannan kufai a bakin hanya za ta iya kewaye shi ta yi masa fenti, kuɗin bai kai na bikin rantsarwa guda ba. Sassan tarihi na jami'o'i da Gidan Arewa da ke Kaduna kuma su tura ɗalibai tashoshin mota da rumfunan bakanike, su ɗauki muryoyin dattawan nan, su nemi tsofaffin littattafan bashi da hotuna kafin gara ta riga su. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta a kundin kammala karatu, ga shi nan a bakin garinsu.

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Ƙasar da ke ta maganar farfaɗo da masana'antu da koya wa matasa sana'ar hannu tana da bukatar ta san yadda ta taɓa yi, da inda ta yi tuntuɓe. Allah ya jiƙan direbobi da karnukan mota da masu ba da mai da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka rage kuma Allah ya sa a je a tambaye su tun suna iya ba da amsa.